GrapheneOS, CalyxOS, LineageOS ko /e/OS: wacce za ka koma wa ba tare da manhajojinka sun daina aiki ba?

Duk wanda ya taɓa sauke Android ɗin da kamfani ya ɗora wa wayarsa ya sa mata babbar manhaja mai kare sirri, ya san ranar filashin, wato ranar ɗora sabuwar, ranar murna ce. Waya ta taso fes, babu tarkacen talla, caji yana kai dare. Washegari ake gane inda aka kwana, lokacin da ka tsaya gaban mai shago za ka tura masa kuɗin kaya, manhajar banki ta ce ba ta yarda da wannan waya ba. Ko kuma a yi ta aiko maka da saƙo ba ka jin shigowarsa sai ka buɗe da hannunka. A nan mutane da yawa suke sarewa su koma gidan jiya. A ganina yawanci zaɓin ne aka faro ta baya. An fara da tambayar wacce ta fi tsare sirri, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne manhajoji ukun nan ko huɗu da harkokinka ba sa tafiya sai da su, da kuma irin wayar da ke hannunka.

Kafin a kwatanta, sai an san abin da ke kashe manhaja. Android hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne wanda ake kira AOSP, a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gina nasa. Na sama shi ne Google Play Services, wanda yake a rufe, kuma a wayar kamfani yana da iko da kusan komai: wurin da kake, lambobin wayar, jerin abin da ka sauke. Masu rubuta manhajoji sun saba jingina da wannan hawa na sama a abubuwa uku. Akwai sanarwa, domin yawancin manhajoji ta hanyar Firebase Cloud Messaging ta Google suke taɓo ka idan saƙo ya zo. Akwai taswira da gano wuri, wanda manhajojin kiran mota irin su Bolt da Uber ke buƙata. Sai na uku, mai wuyar, wato Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet. Shi ne ɗan sandan ƙofa da manhaja ke tambaya: wannan waya ta asali ce da Google ya amince da ita, ko an taɓa ta?

Manyan manhajojin nan huɗu da nake kwatantawa, bambancinsu na gaskiya yana cikin yadda kowacce ta yi da wannan hawa na sama. LineageOS ta cire shi ta bar wurin fayau. CalyxOS da /e/OS sun sa kwaikwayonsa mai suna microG. GrapheneOS kuwa ta bar ka ka sa na ainihin, amma ta ƙwace masa sarauta ta mai da shi talaka kamar kowace manhaja.

Wayar hannunka ta riga ta yanke rabin hukunci

Wannan gaɓar ba ta da daɗi ga yawancinmu. Tecno da Infinix da Itel, 'ya'yan kamfanin Transsion, su ne suka cika aljihunan mutane daga Kano har Zinder, kuma kusan ba ka ganinsu a jerin wayoyin da waɗannan manhajoji ke tallafa wa a hukumance. Za ka iya samun wani abu da wani ya haɗa ya jefa a intanet da sunan LineageOS na wayarka, amma sa wa waya babbar manhajar da ba ka san wanda ya gina ta ba don neman sirri, an gudu ne ba a tsira ba. Mai Tecno ya bar wayarsa yadda take, ya rage izinin da ya ba manhajoji, ya kashe waɗanda ba ya amfani da su, ya tara kuɗin wata wayar idan da gaske yake.

GrapheneOS wayoyin Pixel na Google kaɗai take hawa. Dalilinsu shi ne Pixel tana ba da damar a sake kulle butloda, wato ƙofar da waya ke bi ta tashi, bayan an sa wata babbar manhaja, kuma tana da guntun tsaro na musamman, Titan M2, tun daga Pixel 6. Tunda Google ba ya sayar da Pixel kai tsaye a Najeriya ko Nijar, ta hannu za ka saya, irin wadda ake kira Landan yus, a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja. A nan akwai rami. Pixel ɗin da kamfanin sadarwa na Verizon ya sayar a Amurka ba a buɗe butlodanta, ko da an buɗe ta tana karɓar kowane sim. Tun kana gaban mai shago, haɗa wayar da intanet, shiga saiti, taɓa Build number sau 7, ka shiga Developer options ka duba OEM unlocking. Idan ya yi fari-fari ya ƙi taɓuwa, ajiye masa kayarsa komai arharta.

Duba shekarunta kuma. Pixel 6 ta fito a Oktoban 2021 da alƙawarin gyaran tsaro na shekara 5, haka Pixel 7 ta 2022. Daga Pixel 8 ta Oktoban 2023 aka mai da shi shekara 7, wato har 2030, ita kuwa 8a har 2031. GrapheneOS tana bin wannan wa'adi, domin idan kamfani ya daina gyara manhajar da ke cikin sassan wayar babu wanda zai iya yi masa. Don haka ƙarin kuɗin da za ka biya a kan 8a maimakon 6 shekaru kake saye. Sannan ka tuna ramin sim ɗaya gare ta, layi na biyu sai eSIM, wato sim marar kati da ake saukewa cikin waya, abin da mai layi biyu ko uku ya kamata ya shirya masa tun da wuri.

Mai Samsung ya sani cewa buɗe butloda da ɗora wata babbar manhaja yana ƙona alamar tsaron Samsung mai suna Knox har abada, ko ya mai da wayar yadda take wasu abubuwa irin su Secure Folder ba za su dawo ba.

GrapheneOS

Aikin ya faro a 2014 a hannun Daniel Micay, a lokacin ana kiransa CopperheadOS, ya karɓi sunan yanzu a 2019. Da ka gama sa ta za ka ga waya tsirara, babu ko ƙurar Google. Amma cikin ɗan shagonta na manhajoji akwai Google Play, ka taɓa ka sauke. Abin da ya sauka na ainihi ne, sai dai an killace shi. Ba ya ganin IMEI, wato lambar shaidar wayar, ba ya ganin hotunanka ko sunayen mutanenka sai ka ba shi izini, kuma kana iya ƙwace izinin ko ka goge shi gaba ɗaya ranar da ka ga dama. Saboda na ainihi ne, sanarwa tana shigowa a kan lokaci, Google Maps yana aiki, manhajojin da ka taɓa saye da kuɗi suna dawowa da ka shiga asusunka. Cikin huɗun nan ita ce ta fi tsauri a tsaro, kuma ita ce manhajoji suka fi zama lafiya a kanta. Mutane kan ɗauka waɗannan biyun ba sa haɗuwa.

Abin da ya fi burge ni a cikinta ƙananan makullai ne. Kana iya hana manhaja intanet kwata-kwata, abin da wayoyin kamfani da yawa ba su ba ka ba. Akwai Storage Scopes, wanda ke sa manhaja ta ɗauka an ba ta dukan ma'ajiya alhali fayil biyu ka nuna mata. Akwai Contact Scopes, wanda da shi za ka nuna wa WhatsApp mutum 30 cikin 800 ɗin da ke wayarka. Wanda ya taɓa ganin yadda manhajojin ba da rance ke kwashe sunayen mutane su bi dangi da abokai da saƙon cin mutunci, zai san darajar wannan. Kana kuma iya raba waya ɗaki-ɗaki, ka zuba Google Play da bankuna a wani ɗaki daban, ka bar babban ɗakin da tsabtarsa. Ina ba sabon shiga shawara kada ya fara da wannan rabon, domin yawan shiga da fita yana gajiyarwa. Ya sa komai wuri guda tukuna, idan ya saba ya raba.

Inda take da iyaka shi ne ɗan sandan ƙofar nan. Play Integrity matakai gare shi. GrapheneOS tana wuce na farko, wanda ke nuna waya lafiyayya ce, amma ba ta wuce na biyu, wanda ke buƙatar babbar manhajar ta zama mai lasisin Google. Shi ya sa biyan kuɗi ta ɗora waya a kan na'ura da Google Wallet ba ya aiki, duk da cewa wannan bai cika damun mu a nan ba. Bankin da ya tsaya a matakin farko zai buɗe, wanda ya nace a kan na biyu ba zai buɗe ba, kuma babu saitin da zai canja haka. Idan kuwa manhaja faɗuwa take yi da an buɗe ta, ba ƙorafin tantancewa ba, shiga bayananta ka kunna Exploit protection compatibility mode, sau da yawa shi ke nan.

CalyxOS da /e/OS, masu microG

microG aikin wani Bajamushe ne, Marvin Wißfeld, wanda ya sake rubuta sassan Google Play Services a buɗe. Manhaja ta ƙwanƙwasa ƙofar Google, microG ya amsa da muryar Google. Yana da sauƙi a kan batir, kuma bayanan da yake aikawa sun yi ƙasa da na ainihin ƙwarai. Amma abu biyu ya kamata a faɗa a fili. Idan ka kunna sanarwa, wayarka tana magana da kwamfutocin Google duk da haka, domin can saƙon ke bi. Sannan kwaikwayo kullum a baya yake tafiya. Google ya ƙara wani sabon abu yau, manhajarka ta fara amfani da shi gobe, kai kuma sai ka jira masu microG su cim masa. Saye a cikin manhaja da wasu taswirori su ne wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

CalyxOS ta cibiyar Calyx ce da ke birnin New York, wadda Nicholas Merrill ya kafa. Ta yi suna da sauƙin amfani, tana sake kulle butloda, tana da katangar Datura mai hana manhaja intanet, kuma bayan Pixel tana hawa Fairphone da wasu Motorola. Sai dai a Agustan 2025 suka sanar da dakatar da fitar da sabuntawa na tsawon watanni bayan tafiyar Merrill da jagoran aikin, suka ce za su canja makullan da suke sa wa manhajar hannu da su, wanda ke nufin sai kowa ya sake filashin daga farko. Wannan ne ya tura mutane da yawa ƙaura zuwa GrapheneOS ba shiri. Kafin hakan, a Disamban 2024, DivestOS, wata babbar manhaja irinsu wadda mutum guda yake riƙe da ita, ta rufe gaba ɗaya. Don haka duk wacce za ka sa, fara duba ranar gyaran tsaronta na ƙarshe a shafinsu. Idan ya haura wata biyu ko uku, dakata.

/e/OS ta Gaël Duval ce, Bafaranshen da ya ƙirƙiri Mandrake Linux a 1998. A kan LineageOS aka gina ta, aka ƙara microG da shago mai suna App Lounge, wanda ke jawo manhajoji daga Play Store da F-Droid, shagon buɗaɗɗun manhajoji, ba sai ka shiga asusun Google ba, yana kuma nuna maka yawan 'yan leƙen asirin da ke cikin kowacce. Kamfaninsu, Murena, yana sayar da wayoyi da ita a ciki, mafi yawa a Turai. Ta dace da wanda ke son ya rabu da Google ba tare da ya zama masani ba. Rauninta jinkirin gyaran tsaro, kuma a wayoyi da yawa butloda a buɗe yake zama.

LineageOS

Ita ce magajiyar CyanogenMod tun Disamban 2016, kuma tana hawa wayoyi sama da 100, daga Xiaomi da OnePlus da Motorola har tsofaffin Samsung. Ina ƙaunarta, domin ita ce ke tayar da wayar da kamfani ya yi wa jana'iza shekara 3 da suka wuce. Amma ba don sirri aka gina ta ba, don tsawon rai aka gina ta. Tana zuwa babu Google, sai ka zaɓa: ka zauna haka, ka sa microG, ko ka ɗora cikakken Google mai dukan ikonsa, wanda a fuskar sirri ɗan juma ne da ɗan jummai da wayar kamfani. Butloda kuma a buɗe ake barinsa, ma'ana wanda wayarka ta faɗa hannunsa yana iya sa mata abin da ya so. Bankuna sun fi ƙin irin wannan waya. Za ka ji ana cewa a yi rutin, wato karɓe cikakken iko a kan waya, da manhajar Magisk a ruɗi mai tantancewa. Yana yi na ɗan lokaci, Google ya toshe, a sake nemo wata dabara. Ban ga hikimar ɗora kuɗin cefanen gida a kan wasan ɓuya ba, ga shi rutin kansa yana rushe katangar da ka zo nema.

Maganar banki

Kada ka yarda da jita-jita, domin banki na iya canja tsarinsa a sabuntawa guda. Akwai jerin da masu amfani da GrapheneOS ke tarawa ƙasa-ƙasa a shafin PrivSec, duba shi, amma gani ya kori ji: idan ka san mai irin wayar, roƙe shi ya sauke manhajar bankinka ku ga ko tana kai wa shafin shiga. Mu kuma muna da wata gata da mutanen Turai ba su da ita, wato USSD. *737# na GTBank, *901# na Access, *894# na First Bank, *966# na Zenith, *919# na UBA, duk ta layin waya suke bi, ba ruwansu da wace babbar manhaja ce a ciki. Haka alat da lambar sirri ta tes. Ka yi rajistar wannan tun kafin ka taɓa komai. Idan kuma sana'arka ta rataya a kan manhaja guda da ta ƙi, kamar mai POS ko direban Bolt, ƙaramar waya ta biyu don ita kaɗai ta fi maka kwanciyar hankali a kan kowace dabara.

Ranar ƙaura

Babu hanyar tsallakawa daga wata zuwa wata da kaya a ka. Buɗe butloda yana goge waya ƙaf, kulle shi ma yana sake gogewa. Akwai SeedVault, mai ajiye kwafi da kalmomi 12 na sirri, yana cikin CalyxOS da LineageOS da GrapheneOS, amma tsakanin manhajoji mabambanta ba abin dogaro ba ne, kuma manhajoji da yawa, musamman bankuna, sun hana a kwafe su. Kowace manhaja sai ka fitar da kayanta ta ƙofarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da manhajar lambobin tantancewa, domin ita ce ke kulle mutum waje daga imel da Facebook idan ya manta da ita. Google Authenticator tana fitar da su ta hoton QR, Aegis tana fitar da fayil mai makulli. Authy ba ta da hanyar fitarwa, sai ka bi asusun ɗaya bayan ɗaya ka sake saita su. WhatsApp tana aiki ko babu Google, amma ajiyarta ta Google Drive tana buƙatarsa. Idan waya biyu gare ka, yi amfani da tura hira ta QR, ya fi sauƙi. Idan wayar guda ce za ka yi wa filashin, yi sabon kwafi a cikin WhatsApp, sannan ka kwashe jakar Android/media/com.whatsapp zuwa kwamfuta, ka mai da ita wurinta kafin ka sake rajistar lambar. Rubuta lambobi 6 na matakin tsaro na biyu a takarda, da kalmar sirrin kwafin idan ka kulle shi. Signal tana ba da dogon makulli na kwafin hira, idan ya ɓata hirar ta tafi. Telegram tana dawo da komai da kanta ban da hirar sirri. Sunayen mutane ka fitar da su a fayil ɗin vcf.

Cire asusun Google daga wayar kafin gogewa. Idan layinka a eSIM yake, tambayi kamfanin layin yadda ake sake samunsa. Kuma kada ka yi wannan aiki daren Juma'a. Na taɓa yi, bankina ya ɗauki wayar a matsayin sabuwa ya ce sai na je reshe, na wuni Asabar da Lahadi da USSD kaɗai. Safiyar Litinin ko Talata ta fi, da cikakken caji, da kebul mai kyau, da kwamfutar da ba za ta mutu ba idan an ɗauke wuta. Fayil ɗin babbar manhajar ya haura gigabait 1. GrapheneOS daga cikin burawuza ake sa ta, ta danna maɓallai kaɗan a shafinsu, kuma yawancin matsalar da ake samu daga kebul ne.

Hattara da komawa baya. Pixel tana da kariyar da ke hana saukar da tsohon zubi a kan sabo, kuma a Pixel 6 an san hakan na iya kashe waya murus tun fitowar Android 13. Ka tabbata wadda za ka sa ba ta girmi wadda ke ciki ba. Bayan ka gama, ka tsai da shago guda ga kowace manhaja. Wadda aka sauke daga F-Droid da takwararta ta Play Store yawanci sa hannunsu daban ne, ɗaya ba ta sabunta ɗaya sai an goge. Aurora Store yana sauke na Play Store ba da asusunka ba, amma na kyauta kawai, kuma wani lokaci asusunsa na haya yana cushewa.

Da ƙanina zai tambaye ni, in yana da kuɗin Pixel 8a ta hannu kuma yana hulɗa da banki kullum, GrapheneOS zan ce masa, ya sa Google Play a killace ba tare da jin ya yi laifi ba. In tsohuwar Xiaomi ce a durowa yake son ya raya don karatu da sauraren wa'azi, LineageOS, amma kada ya sa mata banki. /e/OS ga wanda ƙin Google ya fi damunsa a kan tsoron ɓarawo ko mai kutse. CalyxOS sai ya ga sabuntawarta tana fitowa wata bayan wata. Kuma ko wacce ya zaɓa, ya riƙe tsohuwar wayar da kayanta har mako 2, sai albashi ko kuɗin ciniki ya shiga ya fita ta sabuwar, sannan ya goge ta ya kai kasuwa.